Darar da Ta Kai Ni Damazin

Tun da na dawo ban sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. In na zauna a rumfa sai wani ya matso ya ce, Garba, wai da gaske har Damazin ka je? In na fita duba ruwa a hawashata, gonar audugar nan da kuka sani, sai maƙwabcina ya jingine fartanya ya ce in ba shi tun daga farko. Ban ga laifinku ba. Ni ne mutumin da ko biki aka gayyace ni a ƙauyen da ke tsallaken tur'a, magudanar ruwan gonakinmu, sai in ce ƙafata na ciwo. To ga labarin gaba ɗayansa, wanda ya ji ya faɗa wa wanda bai ji ba.

Kawu Ladan, yayan mahaifiyata, shi ne sanadi. Duk ƙauyukan Jazira da ke kusa da mu babu wanda bai san shi da dara ba. Gurbi talatin muke haƙawa a ƙasa, kowa da 'ya'yansa goma sha biyu, ɗaya ya riƙe guntayen karan dawa, ɗaya ƙwallon dabino, don ƙasarmu ba ta da dutse. Wanda ya jera uku ya ci, sai ya zaɓi ɗa ɗaya na abokin wasansa ya cire. Tun ina yaro ban taɓa ganin an tashi Kawu daga wurin nan da kunya ba.

Sai ga wani baƙo lokacin tsinkar auduga, ya zo sayar da kajaik, busasshen kifin kudu. Dogo ne, kullum asuwaki a bakinsa, kowa ya gani sai ya kira shi ɗan baba. Ya tsaya ya kalli wasanmu tun da safe. Bayan la'asar ya nemi a ba shi dabino, ya zauna gaban Kawu. Kafin rana ta faɗi ya cinye shi tas. Da gari ya waye ya hau lori ya tafi, ko sunansa ba mu riƙe ba.

Da cin ne kawai, da an yi dariya an wuce. Amma Kawu ya koma bayan ɗakinsa ya haƙa gurabe, ya mayar da wasan daidai inda ya jera ukunsa na ƙarshe, wurin da zai zaɓi ɗan da zai cire. Ya kife kwando a kai saboda kaji. Kullum ya buɗe, ya cire wannan ɗan ya bi wasan, a ci shi. Ya mayar, ya cire wancan, a ci shi. Ya daina zuwa rumfa. Matarsa ta ce tuwo ma sai ta tsaya a kansa.

Ranar da na je lallashinsa ya ce mini dole akwai ɗan da in ya cire shi zai tsira, kuma da can da kallo ɗaya yake ganin irin wannan. Sannan ya rage murya.

"Haka ta fara wa kakanka, Garba. In ta zo mini, ku riƙa ɗaure ƙofa."

Kakana, mahaifinsa, ruɗewar tsufa ce ta kama shi. Yakan ɗauki buta ya miƙe yamma ya ce Katsina za shi, sai an bi shi cikin gonaki an dawo da shi. Na dubi Kawu na ga ya riga ya yanke wa kansa hukunci, kuma babu mai warware shi sai wanda ya ci shi. Da aka gama tuge karan auduga aka ƙone, na ce wa matata Hajara zan tafi neman mai kifi. Ta yi dariya har ta riƙe ciki. Da ta ga ban yi ba, ta tashi ta busar mini da kisra, siririyar gurasar dawa, ta ɗinke takardar jinsiyata, ta shaidar ɗan ƙasa, a cikin aljihun riga. Kawu ban faɗa masa ba, da ya hana.

Saura yadda zan ɗauki wasan. Karatuna bai kai in zana shi ba, amma abin da kunnena ya ji da waƙa ba ya fita. Sai na raba wa guraben nan gidajen unguwarmu, layi layi kamar yadda suke, na sa musu murya: Liman kara, Inna Kulu babu kowa, Tanko kara, Mai Shayi dabino, haka har ƙarshe. Na yi ta rerawa har Hajara ta iya.

A lorin Sinnar an ɗora ni bisa buhunan dawa, kusa da wata Hajiya mai daddawa. Ina ta motsa baki, idona a rufe don kada in ga yadda ƙasa ke gudu. Ta ɗauka wuridi nake. Ta ɓare mini dafaffen ƙwai, ta ce Malam a sa 'yarta cikin addu'a, watan haihuwarta ya kama. Na ci ƙwan, sannan kunya ta kama ni na faɗa mata gaskiya. Ƙwai na biyu yana hannunta ta riga ta fasa, ta dube ni, ta cinye abinta. Ta ce ita a duniya ba ta taɓa jin ƙato da iyali ya bar gida don ƙwallon dabino ba. Duk da haka na yi wa 'yar addu'a, ta ce amin tana harara ta.

A Sinnar na sauka wurin wani ɗan'uwan Hajara mai gasa agashe, tsiren can, kusa da tashar jirgin ƙasa. Yaron kirki, sai dai Hausarsa rabi Larabci ce. In na ce masa sannu da aiki sai ya ce Allah yisallimak ya Kawu. Ya ba ni angarib, gadon igiya, ya ciyar da ni nama har na fara jin tafiya ba ta da laifi. Mutanen birni kuwa na lura a tsaye suke gaisawa, suna tafiya suna amsawa. Mu da sai an tambayi jaki da kaza kafin a saki hannu.

Da safe ya kai ni Makwar, inda aka tare kogi da gini. Na tsaya na daɗe ina kallo. Ashe ruwan da muke zagin juna a kansa a bakin hawasha daga nan yake fitowa, kuma a nan ko mai gadinsa bai damu da shi ba. Masunta na ƙasan ginin Hausawa ne. Na kwatanta musu baƙon, suna ta girgiza kai, har na kwaikwayi muryarsa na ce ɗan baba. Nan take suka fashe da dariya, suka ce ai Buhari Bakabe ne, ya koma kudu, ƙauyensu na tsallaken kogi daga Damazin.

Hanyar kudu ita ce ta gwada ni. Mun wuce Sinja ke nan ruwan farko na damina ya sauko, baƙar ƙasar nan ta zama kamar kunun kanwa mai kauri, lori ta nutse har ciki. Direba ya ce kowa ya sauka ya tura. Na tura da gaskiya, lori ta fita, takalmina na dama bai fita ba. Na laluba har gwiwar hannu, na haƙura. Wannan bai dame ni ba kamar abin da ya biyo baya. Da muka zauna a gahawa, rumfar shayin bakin hanya, na ɗauko waƙata sai ta tsaya a Tanko. Kara ne ko dabino? Gumi ya keto mini. Larabawan da ke wurin suka miƙo mini jabana, kofi mai citta a ɗan kofin da bai fi ƙwai ba, suna tsammanin zazzaɓi ne. Na kurɓa, na daina tunani, na koma farkon waƙar na sake ta da ƙarfi kamar ina gida. Muryar da kanta ta kawo shi: Tanko kara. Da dabino ne da waƙar ta karye.

A mashigar Damazin akwai shinge, saboda aikin madatsar ruwa da ake yi da kuma kusancin iyakar Habasha. Askari, sojan da ke gadin shingen, ya sauke mu, ya nemi jinsiya. Sai da na farke ɗinkin Hajara da haƙori. Ya duba ya miƙo mini, amma ya ce in tsaya. Ashe tun ina kan layi yake jin ina jera sunaye. Ya tambaye ni ina mutanen nan da nake ƙirgawa, ko leburori na kawo ba takarda na ɓoye su a daji. Na rantse masa Inna Kulu ko bakin tur'a ba ta iya zuwa. Bai yarda ba. Sai na durƙusa na haƙa gurabe da yatsa na nuna masa. Ya leƙa, fuskarsa ta saki, ya ce ai sija ce. Na ce 'yar'uwarta ce. Tasu gurbi ashirin da biyar, kuma ɗan abokin wasa suke matsewa tsakanin nasu biyu su cire. Ya ce tamu wasan masu son zumunci ce, kowa na ta jera danginsa. Ya sake ni, har ya nuna mini inda ake sayar da takalma, don ya ce mutum mai ƙafa ɗaya a takalmi ba ya kama da mai laifi, ya fi kama da wanda aka yi wa.

Damazin ba zan iya kwatanta muku ita ba. Ƙarar injuna ba dare ba rana, Turawa jajaye da gajeren wando, leburori na kowace ƙabila. Abin da ya fi ba ni mamaki duwatsu ne, zube ko'ina ba mai so, mu da ko dutsen niƙa sai an sayo mana. Na sayi takalmi, na sauka bakin kogi, aka sa ni a kwalekwale. A nan kam wuridin gaske na yi.

Na sami Buhari a gindin wata tsamiya yana gyaran taru, asuwakin na nan. Na yi sallama na faɗi daga inda nake. Ya tambayi asalinmu, na ce Katsinawa ne. Ya ajiye taru ya kira mutane su zo su ga bawansa ya biyo shi har gida. Na ce masa Bakabe ko ya yi wanka da turare kifi ne ke fara sallama kafin shi. Daga ni har shi babu wanda ya taɓa ganin Katsina ko Kabi, amma wasan kakanni bai san haka ba. Ya sauke ni a zaurensa. Kifi da safe, kifi da rana, kifi da yamma. Har kunun da aka kawo mini sai da na leƙa ko akwai ƙaya.

Ya ce maganar da ta kawo ni ta jira, baƙo ba ya buɗe kaya da yunwa. Bayan la'asar ya ja ni wurin dararsu. Su da tsakuwa suke yi, fara da baƙa. Kuma shiru suke, kamar ana zaman makoki. Mu kun san yadda muke, mai kallo ya fi mai wasa baki. Ina tsugune sai na ga wani dattijo da ci a gabansa, taku ɗaya ya jera uku. Ya dube shi, ya kai hannu can wani lungu ya motsa wani ɗan. Aka zagayo, ya sake barinsa. Ban san lokacin da bakina ya ce, "Baba, ci mana!" ba. Duk suka juyo suka dube ni. Buhari ya ba su haƙuri, ya ce daga Jazira nake, can haka suke.

Da muka koma gefe na ce masa wannan ai wulaƙanci ne. A wurinmu wanda ya ga ci ya bari ya raina abokin wasansa, kamar wanda aka kawo wa akushi ya ture da ƙafa. Tun muna yara ake dukan hannunmu a kan haka. Ya ce ya sani, wuni guda ya yi yana kallonmu. Sannan ya ce in zuba masa abin da na ɗauko.

Na haƙa gurabe, na rera waƙata ina ajiyewa, fara a madadin kara, baƙa a madadin dabino. Na faɗa masa halin da Kawu ke ciki, har da maganar ƙofa. Ya cire asuwaki daga bakinsa, karo na farko da na ga haka.

"Ɗan baba, wagga ai gawa ce ka kawo mini. Bari mu mayar da ita lokacin tana numfashi."

Ya ɗauki ɗan Kawu da ke gidan Liman ya mayar da shi baya, gidan Inna Kulu, inda yake kafin ya jera ukun. Ya ce in duba. Gidan Inna Kulu ƙofa ce, 'ya'yan Buhari biyu na tsaye suna jiran ta, ɗaya ta gabas, ɗaya ta kudu, kowanne ya shiga ya jera uku. Ɗan Kawu da ke ciki shi ne mai gadi. Da Kawu ya ɗaga mai gadi ya kai shi gidan Liman don ya ci, ƙofa ta buɗe. Ya cire na gabas, na kudu ya shiga. Ya cire na kudu, na gabas ya shiga. Daga nan sai doki, wato ɗa ɗaya ya riƙa kai da komowa tsakanin gurbi biyu, kowane motsi ci. Shi ya sa duk wanda Kawu ya cire ake cinsa. Babu ɗan da zai cire ya tsira. Yana neman abin da babu shi.

Na ce to mi ya kamata ya yi. Ya nuna mini ɗan da ke gidan Tanko, can baya. Ya ce gidan Liman shi Buhari babu ɗansa ko ɗaya da zai iya kaiwa ya toshe, cin nan ba inda za shi, kifin da ke cikin taru ba a yi masa gaggawa. Da Kawu ya bar mai gadi a wurinsa ya matso da na Tanko, to shi Buhari dole ya motsa, kuma ba shi da mai motsi sai biyun nan na bakin ƙofa. Duk wanda ya taɓa ya rushe shirinsa da hannunsa. Sannan na Tanko ya shiga gidan Liman ya ci, ƙofa na rufe. Cin ɗaya ne, gurbin ɗaya ne, bambancin kawai wa ya je da kuma yaushe.

"Tsohon ga ya riga ya kashe ni tun wurin kasawa, sa'ad da muke zuba 'ya'ya a gurabe," in ji shi. "Ban taɓa zama gaban mai ido irin nasa ba. Abu ɗaya ya rage mini, na san mutanenku ba su iya ganin akushi su wuce. Sai na ajiye masa."

Ya ƙara da cewa kada in je in faɗa wa Kawu da baki. Mutumin da ke tuhumar kansa, in ka ba shi amsa sai ya ce lallashi ne. In zaunar da shi a wurin Buhari, ni in riƙe kara.

Komowa ba ta da labari, sai warin kajaik da Buhari ya ɗaura mini, wanda ya sa na samu wuri mai faɗi a kowace lori.

Na iso da hantsi. Bayan la'asar na tafi bayan ɗakin Kawu, mutanen rumfa na biye da ni. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Na gaishe shi, ya ce ya ji wai na zama ɗan yawon duniya. Na ɗaga kwando, na mayar da karan gidan Liman zuwa gidan Inna Kulu, na tura masa dabino na ce ya riƙe wa baƙo. Ya ce wasan yara zan yi da shi? Na ce e, Kawu, ka yi haƙuri ka yi.

Na bar cin, na matso da na Tanko. Wurin ya kaure. Liman ya ce tafiya ta lalata ni, Mai Shayi ya ce Kabawa sun sayar mini da rashin kunya a kan kifi. Kawu ya ɗaga hannu, aka yi tsit. Ya kai yatsa kan na gabas, ya janye. Ya kai kan na kudu, ya janye. Ya duba sauran 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya, babu mai motsi. Shi da kansa ya ɗauki karana na Tanko ya sa a gidan Liman, ya bi wasan gaba, hannunsa na gudu yana yi wa ɓangare biyu, har ya kai inda dabino ya ƙare. Abin da Buhari ya nuna mini rabi, Kawu ya ƙarasa shi, har da wani ci da Buhari bai ambata ba.

Ya ɗago kai. Sannan ya tambaye ni ko mai kifin ne ya faɗa mini. Na ce shi ne, kuma ya ce tun wurin kasawa aka kashe shi.

"Wannan na sani," in ji Kawu. "Ashe ba idon ba ne. Hannun ne ya riga shi, shekara da shekaru, ba wanda ya kama ni sai Bakabe."

Liman ya ce ko ma mene ne, barin ci ba tarbiyya ba ce, shi ba zai zauna a yi masa haka ba. Kawu ya share guraben da tafin hannu, ya miƙe yana kaɗe riga, ya ce wa matarsa ta ɗumama tuwon rana ta aiko masa rumfa. Ya dubi Liman.

"Taho ka riƙe dabino, Malam. Zan bar maka ci a gabanka har ka yi furfura a kansa, in ka ji haushi ka kai ƙarata Katsina."